Daga Aji Zuwa Gidan Tarihin Yamai

Shirinmu na musamman yau zai bi sawun ɗaliban sakandare da malamansu ke kaiwa ziyara gidan tarihi na Boubou Hama da ke tsakiyar birnin Yamai, wanda aka buɗe a 1959.

Da an sauka daga mota, hankalin yara kan tafi wajen zakuna da dorinar ruwa, domin akwai gidan namun daji a cikin harabar. Ba laifi, a bar su su kashe kwarkwatar ido. Amma abin da ya fi cancanta malami ya tsaya a kansa yana rumfar ƙasusuwa.

A can ne kwarangwal ɗin wata dabba take, daga cikin dabbobin da ake kira kakannin ƙadangaru, sunanta Ouranosaurus nigeriensis. Wani masani ɗan Faransa, Philippe Taquet, shi ya tono ta a shekarun 1960 a Gadufawa, cikin hamadar Tenere, gabas da Agadas. Tsawonta ya kai mita 7, ga dogayen ƙasusuwa jere a gadon bayanta, kuma ganye take ci. Ta rayu shekara miliyan 110 da suka wuce. A Gadufawa ɗin dai aka samu ƙasusuwan wani ƙaton kada, Sarcosuchus, wanda kansa kaɗai ya kusa tsayin mutum.

To a nan darasin yake, jama'a. Kada ba ya zama sai da ruwa, dabba mai wannan girma kuma ba ta ƙoshi sai da daji. Ke nan inda yau babu komai sai yashi da iska, a da koguna ne da itatuwa. Ɗalibin da ya haddace sauyin yanayi domin jarrabawa, idan ya tsaya gaban haƙoran kadan da aka tono a tsakiyar sahara, zai tambayi malaminsa ina ruwan ya tafi. Ni a ganina wannan tambaya ita ce ribar tafiyar.

Akwai kuma ragowar bishiyar Tenere, wata bishiyar ƙaya da ta daɗe tsaye ita kaɗai a kan hanyar ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma. Da aka haƙa rijiya kusa da ita, an tarar saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. Mota ce ta kaɓe ta a 1973, aka kwaso ta zuwa Yamai. Sai rumfar yuraniyom, ma'adinin da aka fara haƙa a Arlit a 1971, inda malamin kimiyya zai iya nuna wa yara dutsen da suka saba jin labarinsa a rediyo.

Roƙonmu ga malamai shi ne kada a mai da ziyarar yawon ɗaukar hoto. A raba ɗalibai ƙungiya-ƙungiya, kowa da littafinsa da fensir, a ce su zana ƙashi ɗaya, su auna tsawon dabbar da taku, su rubuta tambayoyinsu. Idan an koma aji washegari, sai a fara darasi daga waɗannan tambayoyi.