Sigarin lantarki: yadda ake naɗa wayarsa da sa masa lagwani, da hatsarin da ke ciki

A watan Fabrairun 2025 ƙasar Faransa ta haramta sayar da ƙananan sigarin lantarki da ake zuƙa a yar, waɗanda matasa ke kira "puff". Beljiyam ta riga ta tun 1 ga Janairun wannan shekarar, Birtaniya kuma ta bi sahu ranar 1 ga Yuni. Sai dai haramcin bai shafi manyan na'urorin da ake sake cika wa ruwa ba, kuma a cikinsu akwai nau'in da mai shi ne da kansa yake naɗa wayar da ke ɗaukar zafi, ya sa mata lagwanin auduga. Tun da irin waɗannan kaya suna ƙetare iyakoki a jakar matafiya da ɗalibai da ƴan kasuwa, yana da kyau iyaye da matasa a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa su san abin da ke cikinsu.

Asalin na'urar

Wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin mai suna Hon Lik ne ya ƙirƙiro sigarin lantarki na zamani a shekarar 2003. Shi kansa mashayin taba ne, kuma kansar huhu ce ta yi ajalin mahaifinsa. A 2004 aka fara sayar da na'urar a Sin, daga nan ta bazu zuwa Turai da Amurka. Har yau mafi yawan na'urorin da ke kasuwannin duniya a birnin Shenzhen ake ƙera su.

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Akwai batir, akwai ɗan tanki mai ruwa, akwai siririyar waya da aka naɗe, sai auduga da ta ratsa ta tsakiyar naɗin. Audugar tana tsotso ruwan kamar yadda lagwanin aci-bal-bal ke tsotso mai. Idan aka danna maɓalli, wutar batir ta bi ta wayar, wayar ta yi zafi kamar ta risho na lantarki, ruwan ya zama tururi, mutum ya zuƙa. Ruwan haɗi ne na sinadarin "propylène glycol" da gilisarin, da kayan ƙamshi, kuma galibi da nikotin, wanda shi ne ke sa mashayin taba ya kasa bari.

Wannan wayar ita ce Faransawa ke kira "résistance". Ba ta dawwama: bayan mako ɗaya zuwa uku takan yi baƙi, audugar ta ƙone, ɗanɗano ya lalace, sai an sayi sabuwa. Wannan kashe kuɗin ne ya sa wasu mashaya a Turai da Amurka suka koma naɗa tasu. Ƙunshin waya mai tsawon mita 10, idan ana yankar santimita 15 a kowane naɗi, zai ba da fiye da 60. Wasu kuma sha'awa ce kawai ta ja su, suna neman tururi mai yawa ko ɗanɗanon da ya fi fita.

Irin wayar da ake amfani da ita

Ba kowace waya ke yin wannan aiki ba. Wadda aka fi sani ita ce Kanthal, haɗin baƙin ƙarfe da kurom da alminiyom, wadda wani kamfanin ƙasar Suwidin da aka kafa a 1931 yake yi domin tanderun masana'antu. Akwai Ni80, wadda kashi 80 cikin ɗari nikel ce, 20 kurom, kuma ta fi Kanthal saurin ɗaukar zafi. Akwai kuma ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba 316L. Wayar nikel zalla da ta titaniyom kuwa sai a na'urar da ke auna zafi da kanta, domin idan suka yi zafi fiye da ƙima suna fitar da abubuwa masu cutarwa. Wayar jan ƙarfe ta wutar gida, ko wadda aka ciro daga tsohuwar fanka ko rediyo, ba ta shiga wannan lissafi ko kaɗan: wuta na bi ta cikinta kusan ba tare da wata turjiya ba, saboda haka batir ne zai yi zafi maimakon wayar.

Ana sayar da wayar bisa kaurinta. Waɗanda aka fi amfani da su su ne milimita 0,32 da 0,40 da 0,50.

Lissafin da ba a tsallakewa

Duk mai wannan aiki sai ya san ƙa'idar da masanin kimiyya Bajamushe Georg Ohm ya bayyana a 1827. Misalinta kamar ruwa ne a cikin tiyo. Siririn tiyo mai tsawo yana rage gudun ruwa, faffaɗa kuma gajere yana sakinsa da yawa. Haka waya take: siririya mai tsawo tana da turjiya babba, kakkaura gajeriya tana da ƙarama. Ana auna turjiyar da "om", ƙarfin batir da "bolt", yawan wutar da ake ja daga batir kuma da "amper". Idan aka raba bolt da om, sai a sami amper.

Batirin da ya cika yana ba da bolt 4,2. Wayar Kanthal mai kaurin 0,40 da aka naɗa zagaye 6 a kan sanda mai kaurin milimita 3 tana ba da kusan om 0,85. Wannan na nufin za ta ja wajen amper 5, abin da batir mai kyau zai ɗauka ba wahala. Amma idan turjiyar ta sauka zuwa om 0,2, wutar da za a ja ta kai amper 21. A om 0,1 kuwa amper 42 ke nan, alhali ingantattun batiran wannan aiki galibi tsakanin amper 20 da 30 suke iya jurewa. Sabon shiga yakan manta da wani abu guda: idan aka ɗaura naɗi biyu iri ɗaya gefe da gefe, turjiyar rabewa take biyu. Naɗi biyu masu om 0,4 kowanne, 0,2 suke bayarwa, ba 0,8 ba.

Yadda ake naɗin

Kayan aikin ba su da yawa: ƙaramin abin yanka waya, almakashi, ƙaramin turnabis, matsefata mai bakin tangaran wadda wuta ba ta bi, da na'urar auna om. Mai aikin yakan wanke hannu, ya yanki wayar, ya naɗa ta a kan sanda mai kaurin milimita 2,5 ko 3, zagaye 5 zuwa 8, kowane zagaye kusa da ɗan'uwansa ba tare da ya hau kansa ba. Sai ya bar ƙafafu biyu, ya zura su a ramukan da aka tanada, ya ɗaure da ƙananan ƙusoshi masu murɗawa, ya datse abin da ya yi saura. Dole naɗin ya tsaya a tsakiya, kada ya taɓa ƙasan mazauninsa ko murfi, domin taɓawar tana haɗa wuta kai tsaye.

Kafin a danna komai, sai an auna. Idan lambar da na'ura ta nuna tana hawa tana sauka, to akwai ƙusar da ba ta ɗauru ba. Bayan haka akan ɗan danna maɓalli da ƙaramar wuta a duba yadda naɗin ke ɗaukar zafi. Mai kyau daga tsakiya yake fara ja, jan ya bazu zuwa gefe biyu daidai. Idan wani wuri guda ya riga saura yin ja, ana ɗan matse shi da matsefata har ya daidaita, domin wannan wurin ne zai ƙona audugar. Akwai masana da ke gargaɗin kada a bar waya ta yi ja zur, saboda tsananin zafi yana lalata fatar ƙarfen. Wayar nikel da ta titaniyom kuwa ba a gasa su haka sam.

Sa lagwani

A nan ne mafi yawan masu koyo suke kuskure. Ana amfani da auduga tsarkakakkiya da ba a wanke da sinadarin faranta kaya ba, ba a sa mata turare ba. Bayan naɗin ya huce, sai a yanki siririn zubi, a murza baki ɗaya ya yi tsini, a zura ta cikin naɗin. Ma'aunin shi ne ta shiga da ɗan matsi amma tana iya motsi idan aka ja. In ta yi yawa, takan shaƙe, ruwa ya kasa isa tsakiya, audugar ta ƙone. In ta yi kaɗan, ruwa ya riƙa yoyo yana fantsama cikin baki. Sai a datse bakunan biyu, a ɗan tsefe su, a kwantar da su cikin ramin ruwa ba tare da dannawa ba, a jiƙa audugar sosai, a jira ƴan mintoci.

Ƙonewar auduga ba maganar ɗanɗano kawai ba ce. Idan waya ta yi zafi a kan busasshen lagwani, ruwan yakan rikiɗe ya fitar da formaldehid, wanda ke cikin jerin abubuwan da ke jawo kansa, da kuma akrolein mai ƙona maƙogwaro da huhu. Shi ya sa ake canza audugar bayan ƴan kwanaki, da zarar ta fara baƙi.

Batir, inda babban hatsarin yake

Mafi yawan na'urorin suna aiki da batirin litiyom mai lamba 18650, wato kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65. Na'urori iri biyu ne. Akwai mai ƙwaƙwalwar lantarki da ke yanke wuta idan ta ga matsala, akwai kuma wadda bututun ƙarfe ne kawai da maɓalli, babu abin da ke tsakanin batir da waya. A wannan ta biyun, kuskuren lissafi na iya sa batir ya yi zafi ya fashe a cikin bututun, kusa da fuska.

Hukumar kula da gobara ta Amurka ta ƙirga fashewa ko kamawar wuta har 195 tsakanin 2009 da 2016, mutum 133 suka ji rauni. A 61 daga ciki, na'urar ko batirin a aljihu suke. A watan Mayun 2018 wani mutum mai shekara 38 ya mutu a jihar Florida bayan irin wannan bututun ya fashe, a Janairun 2019 kuma wani matashi mai shekara 24 ya rasu a Texas ta irin wannan hanya.

Abubuwa uku suka fi jawo haka. Na farko, sa batir tsirara a aljihu tare da makulli ko tsabar kuɗi. Na biyu, amfani da batirin da ledar jikinsa ta yage, domin gaba ɗayan jikinsa ƙarfe ne mai ɗauke da wuta. Na uku, jabu ko tsohon batir. Batiran da ake cirowa daga tsofaffin kwamfutoci a sa a cocila girmansu ɗaya da na sigarin lantarki, amma an yi su ne don ba da wuta kaɗan-kaɗan, ba sa jure amper 20. Arha dai ba ta ado. A Nijar akwai ƙarin dalilin taka-tsantsan: a watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma batirin da aka bari cikin mota a rufe ko a kan babur cikin rana yana saurin lalacewa. Matafiya kuma su sani cewa dokokin jiragen sama sun hana sa waɗannan na'urori cikin akwatin da ke shiga ƙasan jirgi.

Abin da ke shiga huhu

Ko da naɗi ya yi kyau, akwai sauran magana. A 2018 masu bincike a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun gwada na'urorin mashaya 56, suka sami dalma da kurom da nikel da manganis a cikin tururin, kuma suka danganta hakan da wayar da ke ɗaukar zafi. A 2019 wata cutar huhu ta ɓulla a Amurka, kuma zuwa Fabrairun 2020 an kwantar da mutum 2.807 a asibiti, 68 suka mutu. Bincike ya nuna akasarinsu sun zuƙi ruwan wiwi na bayan fage da aka gauraya da wani mai da ake kira "acétate de vitamine E". Darasin shi ne duk wani mai ko haɗin da ba a san asalinsa ba bai kamata ya shiga tanki ba. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ƙayyade nikotin kada ya wuce miligiram 20 a kowane mililita, kwalba kuma kada ta wuce mililita 10. Ruwan da ya zo ba takarda ba wanda ya san ƙarfinsa, kuma ƙamshin alewa ko mangwaro da yake yi na jan ƙananan yara, alhali ɗan kaɗan idan yaro ya sha na iya zama guba.

Ra'ayin hukumomi ya rabu. A 2015 hukumar lafiyar al'umma ta Ingila ta ce sigarin lantarki ya fi taba sauƙin cutarwa da kusan kashi 95 cikin ɗari, adadin da masana da dama suka soka. Nazarce-nazarcen cibiyar Cochrane sun nuna yana taimaka wa manyan mashaya su bar taba fiye da cingam ko filastar nikotin. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ita kuma a Disamban 2023 ta nemi ƙasashe su ɗauki mataki cikin gaggawa, tana cewa ƙasashe 34 sun hana sayar da shi, 88 ba su ƙayyade shekarun mai saye ba, 74 kuma ba su da wata doka a kansa. Indiya ta haramta shi tun 2019. A Nijar, dokar yaƙi da taba ta 15 ga Mayun 2006 ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a da kuma tallanta.

Inda bakin masana ya zo ɗaya shi ne: wanda bai taɓa shan taba ba, ba shi da wata riba a sigarin lantarki. Nikotin yana shafar ƙwaƙwalwar matashi, wadda ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, yana kuma cutar da ɗan da ke ciki. Wanda ke haɗa taba da sigarin lantarki a lokaci guda kuwa, an gudu ne ba a tsira ba. Mashayin da ke neman hanyar bari, zai fi masa ya fara da ganin likita ko ma'aikacin farmasi kafin ya sayi waya da batir. Uban da ya tsinci ƙunshin siririyar waya da auduga da ƙananan kwalabe a ɗakin ɗansa, abin da ya kamata ya fara dubawa shi ne batirin da kuma abin da aka rubuta a jikin kwalbar, sannan a zauna a yi magana.