Katakon Tebur da Ragon Layya

Masu sayen ragon layya kashi biyu ne. Akwai wanda tun watan Rajab ko Sha'aban zai tafi Maigatari ko Wudil ya zaɓo ɗan madaidaicin rago, ya ɗaure shi a bayan ɗaki, ya riƙa zuba masa harawa da dusa har Babbar Sallah ta zo. Akwai kuma wanda sai ranar jajibere da la'asar zai faɗa kasuwa, kuɗi a aljihu, zufa a goshi, ya karɓi abin da ya rage a farashin da dillali ya ga dama. Mai neman katako mai kauri don saman tebur, irin falankin nan guda ɗaya mai faɗi da ake yayi yanzu a ofisoshi da falukan manya, kusan kullum a sahu na biyu yake shigowa harkar. Ya ga hoto a waya, ya nuna wa kafinta, ya ce yana son irinsa kafin tariyar 'yarsa, kuma saura mako shida.

Abu na farko da zai tarar shi ne kasuwa ba ta ajiye abin da yake nema. Ka zaga 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, ko Dei-Dei a Abuja, abin da ke jibge katakon gini ne: tu-bai-fo da tu-bai-tiri na rufin kwano, wan-bai-tuwel na ɗaurin kankare da ƙofofi, yawanci tsawon ƙafa 12. Don magina aka yanko su, su ne masu saye kullum. Falanki mai kaurin inci 3, faɗin ƙafa 3, tsawon ƙafa 8, sai an yi odarsa. Mai rumfa zai kira wani, wani ya kira na bakin injin a Ondo ko Edo ko Kuros Riba ko Legas. Kowane hannu da maganar ta bi yana da la'adarsa, kamar dai yadda rago ke ƙara tsada tun daga hannun makiyayi har ya iso bakin titin unguwa. Ban ga laifin la'ada ba, don dillalin kirki yana raba ka da wahala mai yawa. Abin da nake gudu shi ne saƙon da ke lalacewa a hanya. Ka ce inci 3 a Kano, ya isa daji a matsayin “mai kauri dai”, a aiko maka da inci 2 da ɗan wani abu. Rubuta awon a takarda, ka ɗauki hotonta, ka ce a turo hoton gungumen da tef a kansa kafin zarto ya taɓa shi.

Sannan wane itace? Mai sayen rago ya san bambancin Balami da Uda da 'Yankasa, amma mutumin nan idan ya shiga kasuwar katako iliminsa bai wuce “ja” da “fari” ba. Farin katako irin su obeche ba na wannan aiki ba ne, farce ma yana shata shi. Malaina tana da sauƙin kuɗi da sauƙin aiki, sai dai ba ta da nauyi, kuma tana da jinkirin bushewa idan ta yi kauri. Iroko, wanda wasu ke kira loko, shi ne abin da akasari za a kawo maka, kuma zaɓi ne mai kyau: gara ba ta cika damunsa ba, yana fitowa rawaya-rawaya daga injin sannan ya rine ya koma ruwan ƙasa mai duhu. Aibinsa biyu ne. Wani lokaci akwai dunƙulen farin abu mai tauri a cikinsa, wanda kafintoci ke ce wa dutse, yana dakusar da wuƙar injin nan take. Ƙurarsa kuma tana sa atishawa da ƙaiƙayi. Maɗaci ja ne mai kyau, amma zarensa a sarƙe yake, idan wuƙa ba ta da kaifi sai ta yage fuskar maimakon ta goge ta. Ni dai da za a ba ni zaɓi, kawo zan ɗauka, wanda Yarabawa ke kira apa. Yana da nauyi, yana gajiyar da mai aiki, amma cikin itatuwanmu kaɗan ne suka kai shi zama lafiya idan yanayi ya juya. Ƙirya kuwa, duk da taurinta, a bar wa masu sassaƙa turmi. Da wuya ta ba da miƙaƙƙen falanki mai wannan faɗin.

Babbar maganar ita ce ruwa. Kowa ya ji labarin mai rago da ke ba dabbarsa kanwa ko gishiri da safe, ta sha ruwa ta yi nak, ciki ya fito, mai saye ya ɗaga ta ya ji nauyi ya ce alhamdu lillahi. Kwana biyu a gida sai ga ƙashin awaza. A katako ba sai an yi maka wannan dabara ba, haka Allah ya halicci itace: ɗanyen da aka sare, kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa ko fiye da haka ruwa ne. Falanki mai inci 1 yana sakin ruwansa da wuri. Mai inci 3 kuwa, samansa zai bushe ƙamas alhali cikinsa jiƙe yake sharkaf. Kafintocin Turai suna da lissafin da suka gada, wai shekara ɗaya ga kowane inci na kauri idan a iska za a shanya. Zafin ƙasarmu yana rage wannan lokaci, amma ba ya mayar da shi mako shida.

“Alhaji, wannan ai ya shekara a nan. Ƙwanƙwasa ka ji.”

Ka ƙwanƙwasa ɗin, ba laifi, amma amon sama kake ji. Akwai 'yar na'ura mai allura biyu da ake soka wa katako ta nuna yawan damshinsa, ba ta da tsada, kuma duk kafintan da ke karɓar irin wannan aiki ya kamata ya mallake ta. Ita ma allurarta gajera ce. Idan mai kaya ya yarda, a yanke kamar ƙafa ɗaya daga kan falankin a soka ta a tsakiyar sabon yankan, a nan gaskiya take. Tebur da zai zauna a ɗaki a Arewa yana son damshin kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari. Katakon da ya bushe iya bushewarsa a iskar Legas ko Sapele yana tsayawa ne wajen kashi 15 ko sama. Mai sayarwa a can bai yi ƙarya ba da ya ce busasshe ne; na garinsu ne busasshe. Da ya hau tirela ya tsallako kogin Neja ya shiga iskar hunturu, sai ya ci gaba da sakin ruwa, kuma a nan ne ake jin ƙarar “tas” cikin dare, da safe a ga tsaga ta taso daga kai.

Duba jikin falanki kuwa bai bambanta da duba rago ba, hannu da ido ne. Mai saye yana buɗe baki ya ga haƙora, ya matsa gadon baya, ya sa a ja dabbar ta yi tafiya ya ga ko tana ɗingishi, don ya san akwai aibin da ke hana layya. A falanki, kan gungume ne bakin. Tsuguna ka dubi zoben da ke jikin yankan. Idan cibiyar itacen, wato ɗigon da zoben suka kewaye, tana cikin falankinka, bar shi komai kyansa, domin daga nan tsaga ke farawa kuma babu gam ɗin da zai riƙe ta.  Wanda zobensa ke a kwance kuwa, idan ya bushe sai ya lanƙwashe ta faɗi. Dalilin shi ne itace yana tsukewa ta kewayen zobe kusan ninki biyu na yadda yake tsukewa daga cibiya zuwa ɓawo, ta tsawo kuwa kusan ba ya motsi. Sannan ka ɗora miƙaƙƙun sanduna biyu, ɗaya a kowane kai, ka koma gefe ka hango su. In ba su yi daidai da juna ba, falankin ya murɗe, kuma kafin a daidaita shi sai an cinye rabin kaurin da ka biya. Farin gefen nan da ke ƙarƙashin ɓawo, wanda masu son tebur mai baki irin na daji ke sha'awa, shi ne abincin ƙwaro. In ka ga ƙananan huda da gari mai laushi yana zuba daga cikinsu, akwai baƙi a ciki, kuma za su bi ka gida.

Lissafin kauri ma akwai abin lura. Ragon da ka ɗaga da ƙyar, bayan an cire fata da kai da ƙafafu da kayan ciki, abin da ke rataye bai fi rabin nauyinsa ba, kuma babu mai cewa an cuce shi. Haka falanki. Wanda aka tsaga da injin hannu a daji fuskarsa tudu da kwari ce, ga tsukewar bushewa, ga abin da za a kankare sama da ƙasa kafin ya kwanta. Mai son tebur ya ƙare a inci 2, ya sayi inci 3. A tsawo ma ya ƙara ƙafa ɗaya, don kawunan za su tsage ko an ƙi ko an so. Ya kuma tanadi majiya ƙarfi: busasshen iroko mai awon da na ambata ya haura kilo 100, kawo ya fi haka, ɗanye kuwa ba a magana. Na ga inda aka gama tebur tsaf a shago, aka zo hawa bene, matakala ta ƙi.

To, an saya, an kawo gida. Yanzu ne kiwon zai fara, sai dai juyin na rago ne. Shi rago kana ɗaure shi don ya ƙara nauyi, falanki kuwa kana ajiye shi don ya rage. Ranar da ya iso, a shafe kawunansa biyu da fenti mai kauri ko narkakken kyandir, saboda ta nan ruwa ya fi saurin fita, kuma saurin ne ke tsaga shi. A kwantar da shi a inuwa, ƙarƙashin rumfa, a kan bulo, nesa da ƙasa saboda gara da damshi. In sun fi ɗaya, a jera siraran sanduna a tsakaninsu, kowace ta sama daidai kan ta ƙasa, sannan a danne da bulo. Kuskuren da aka fi yi shi ne jingine shi a bango a rana “don ya yi sauri”. Rana tana busar da fuska ɗaya ta bar ɗaya, sakamakon kuma lanƙwasa ne. A Kano ko Damagaram, haɗarin ba jinkirin bushewa ba ne, saurinta ne. Shi ya sa na fi son ɗanyen falanki ya iso da damina, ya fara sakin ruwansa a hankali, kafin Disamba ta zo ya riga ya yi nisa. In kuwa cikin hunturu ya iso, a lulluɓe shi da buhuna a rage masa iska. Wanda ba shi da na'ura, sikelin 'yan hatsi ya ishe shi: a auna falankin duk wata, a rubuta da alli a jikinsa. Ranar da nauyin ya daina sauka wata biyu a jere, a shigar da shi ɗakin da zai zauna ya yi 'yan makonni, sannan a kira kafinta.

Akwai tambayar da mai tsoron Allah ke yi a kasuwar dabbobi idan ya ga rago ya faɗi ƙasa da kuɗinsa: daga ina? Katako ma yana da wannan tambaya. Madobiya, wadda masu sara a Taraba ke kira madrid, an yi mata wawa a shekarun da suka biyo bayan 2010 saboda kasuwar kayan ɗaki ta ƙasar Sin, har yarjejeniyar CITES ta sa ta cikin jerin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe a taron Johannesburg na 2016. A taron Panama na 2022 aka ƙara maɗaci da kawo na Afirka. Dokar ta shafi fitarwa waje ne, ba teburin falonka ba, amma tana gaya maka halin da dajin ke ciki. Itacen da zai ba da falanki mai faɗin ƙafa 3 sau da yawa ya girmi mai sayensa. Wanda guguwa ta kayar, ko wanda aikin titi ya tuge, ko tsohon maɗacin da ya zama barazana ga katangar gida, duk suna ba da falanki, kuma mai injin yana iya zuwa ya tsaga shi a inda ya faɗi idan an samu izinin hukumar gandun daji.

Wanda mako shidan nan ya matse shi fa? Ya haƙura da falanki guda. A samo busassun tu-bai-tuwel guda uku ko huɗu na itace iri ɗaya, a daidaita gefunansu, a haɗa da gam mai kyau a ɗaure. Kafinta mai ido zai jera zaren har sai an ƙura ido za a ga mahaɗin, kuma irin wannan saman ya fi falanki guda zama lafiya. Ko wanne aka yi, a shafa mai ko banish sama da ƙasa daidai wa daida, kada a bar ƙasan tsirara. Kuma a gaya wa mai walda ya yi ramukan noti na ƙafar ƙarfen dogaye ta faɗin tebur, ba zagayayyu ba, domin tsakanin Agusta da Fabrairu saman da ya kai ƙafa 3 yana iya buɗewa da tsukewa kusan santimita ɗaya, kuma idan ƙarfe ya hana shi motsi, katakon ne zai tsage.