Gaskiya ko Jita-jita: Dukiya a Dagwalon Zaitun

Idan aka niƙa kilo 100 na 'ya'yan zaitun, man da ke fita bai cika wuce kilo 20 ba. Sauran dagwalo ne: ruwa, ɓawo, tsoka da fasasshen ƙwallo. A Andalus ta ƙasar Sifaniya, inda lardin Jaén ke kan gaba a duniya wajen wannan mai, miliyoyin tan ake tarawa duk kaka. Maganganu sun yi yawa a kansa, bari mu tankaɗe su.

Wasu na cewa tunda daga itace ya fito, ba ya cutar da komai. Wannan jita-jita ce tsagwaronta. Ruwan da ke tsiyayowa baƙi ne, ga tsami ga ɗoyi. In ya shiga kogi, ƙwayoyin da ke ruɓar da shi sai su shanye iskar da kifi ke rayuwa da ita. In aka kwarara shi da yawa a gona, sinadaran fenol da ke cikinsa su hana iri tsirowa. A 1981 Sifaniya ta haramta zuba shi a koguna, aka koma tara shi a kududdufai, maƙwabta suka sha wari da ƙudaje. Italiya kuwa ta yi doka a 1996 da ta ƙayyade yawan da za a watsa a kowace hekta a shekara.

Cewa amfani da shi dabarar zamani ce, shi ma da gyara. Fiye da shekara 2,000 da suka wuce Cato, marubucin Rum, ya bayyana yadda ake daɓe masussuka da wannan ruwa don korar ciyawa da ƙwari.

Ga kuma wadda ake ɗauka ƙari ce, alhali gaskiya ce: abin da ake yabon man zaitun dominsa ya fi yawa a cikin sharar. Fenol ɗin nan ruwa yake bi, ba mai ba, don haka wajen kashi 2 cikin 100 kawai ke shiga kwalba. Ɗaya daga cikin sinadaran nan, hydroxytyrosol, tun 2012 Tarayyar Turai ta amince a rubuta amfaninsa a jikin kwalba, muddin akwai miligiram 5 nasa da danginsa a giram 20 na mai. Wato abin da ke hana shuka tsirowa shi ne masu harhaɗa kayan shafa da na ƙarin lafiya ke saye da tsada.

Nan hikimar matatar da ke sarrafa dagwalon take, kuma a jerin aikin take. A ware ƙwallo ya zama makamashin tukunyar ɗumama gidaje. A cire ragowar mai. A tsame fenol. Sai abin da ya rage ya tafi rumbun iskar gas ko ya zama taki. In aka tsallake matakin fenol, ƙwayoyin da ke samar da gas ɗin kan yi sanyi, aikin ya ja baya. Matar da ke matse gyaɗa ta soya tunkuza ta zama ƙuli-ƙuli ta riga ta san tushen lissafin, sai dai nata ragowar ana ci nan take, na zaitun sai an sha wahala.

Shin man da aka ciro daga ragowar daidai yake da na matsin farko? A'a. Galibi da sinadarin heksen ake fitar da shi, a tace, a gauraya da ɗan na farko. Ya halatta a ci, yana da kyau wajen suya, amma sunansa daban a jikin kwalba, kuma bai kamata a saye shi a farashin wancan ba.

Inda nake ja da masu tallar harkar shi ne cewar da suke yi kuɗi ne a zube. Injinan da Sifaniya ta rungumi a farkon shekarun 1990 sun rage baƙin ruwan, amma suka haifar da dagwalo mai kauri wanda kashi 60 zuwa 70 nasa ruwa ne. Ɗaukarsa a mota kuɗi, busar da shi wuta, kuma duka yana zuwa ne cikin 'yan watannin hunturu. Manyan ƙungiyoyin manoman Andalus suna iyawa, har lantarki suke sayarwa daga ƙona busasshen. Mai ƙaramin inji a ƙauyen Maroko ko Tunisiya kuwa, nesa da matata, sau da yawa kududdufi ne har yanzu mafitarsa.