Kyamarorin Tsaro a Kafanchan: Dalilan Haɗa Manhaja da Na'urar Naɗa da Abin da Ya Haifar

A 'yan shekarun nan kyamarorin tsaro sun fara zama abin gani a ƙofofin otal-otal da gidajen mai da manyan shaguna da wuraren ibada a Kafanchan, hedikwatar ƙaramar hukumar Jama'a, kuma masu su da dama ba sa tsayawa ga kyamarar kaɗai. Suna haɗa ta da na'urar naɗa da ake kira NVR, wato akwatin da ke karɓar hotunan kyamarori ta hanyar wayar sadarwa ya adana su a faifan ajiya, sannan su ɗora manhaja a kwamfuta ko wayar hannu domin kallo da bincike daga nesa. NVR ta bambanta da tsohuwar DVR, domin kyamarorinta kan sarrafa hoton da kansu kafin su tura shi, kuma sau da yawa waya ɗaya ce ke kai musu wuta ta kuma ɗauko hoto.

Babban dalilin wannan yayi shi ne tarihin rashin tsaro da yankin ya daɗe yana fama da shi. Rikicin watan Maris na 1987 ya faro ne daga kwalejin ilimi ta Kafanchan, na Zangon Kataf ya biyo baya a 1992, kuma tarzomar bayan zaɓen Afrilun 2011 ta laƙume kasuwar garin, kafin hare-haren ƙauyuka da satar mutane domin kuɗin fansa su zama ruwan dare. Gwamnati kuwa ba ta kafa misali mai ƙarfafa gwiwa ba, domin kwangilar kyamarorin Abuja ta dala miliyan 470 da aka ba kamfanin ZTE a 2010 ba ta haifar da tsarin da ya ɗore ba. Saboda haka ɗan kasuwa da shugaban makaranta da dattawan coci ko masallaci suka koma neman abin da za su iya saya da aljihunsu, kayan kamfanonin Sin irin su Hikvision da Dahua kuma suka sauƙaƙa musu, ko da yake faɗuwar darajar naira daga 2023 ta sake tsawwala farashi.

Dalilin ƙara manhaja a kan na'urar naɗa ya fi wannan zurfi, kuma ya samo asali ne daga raunin akwatin kansa. Ɓarawon da ya san abin da yake yi ba ya ɓata lokaci wajen fasa kyamarori, sai ya nemi inda aka ajiye NVR ya cire ta ya tafi da ita, da haka shaidar ta bi shi. Manhaja kamar Blue Iris ko iVMS-4200 tana iya jan hoto daga kyamarorin nan guda ta adana kwafi na biyu a kwamfutar da ke wani ɗaki, ƙa'idar ONVIF kuma, wadda kamfanonin Axis da Bosch da Sony suka kafa a 2008 domin na'urorin kamfanoni daban-daban su fahimci juna, ita ce ke ba da damar hakan. Rabon aikin da ya fi dacewa shi ne akwatin ya riƙa naɗa dare da rana ba tare da yankewa ba, manhajar kuwa ta riƙa tace motsi tana aika gargaɗi ga mai gida a wayarsa.

Ana yawan raina lissafin wurin ajiya. Kyamara ɗaya mai aika megabit 2 a daƙiƙa tana cin fiye da gigabait 21 a yini, takwas kuwa sun haura 170, wanda ke nufin faifai mai terabait 2 zai cika cikin kwana goma sha biyu ya fara goge tsofaffin hotuna. Mai rumbun citta da bai gano an rage masa buhuna ba sai lokacin ƙidayar ƙarshen wata, zai tarar hoton daren da abin ya faru ya riga ya shuɗe.

Amfanin tsarin ya fi bayyana a cikin gari da kuma ƙananan laifuffuka, kamar satar babur a ƙofar shago, ko taƙaddama tsakanin mai POS da abokin ciniki kan kuɗin da aka miƙa, ko yaron shago mai hannu-hannu. A yankin da zargi kan rikiɗe ya koma batun ƙabila ko addini cikin sa'o'i kaɗan, hoton da ya nuna mutum ɗaya takamaimai yana iya hana a ɗora laifi kan al'umma guda, kuma wannan fa'ida ce babba da ta cancanci kuɗin da ake kashewa. Sai dai sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa kafin kotu ta karɓi abin da kwamfuta ta samar, har da takardar tabbatar da cewa na'urar tana aiki daidai, don haka akwatin da agogonsa ke komawa baya duk lokacin da aka ɗauke wuta yana raunana shaidar da aka saye shi dominta.

Wutar lantarki ita ce ƙashin bayan komai. Kwamfutar da ke ɗauke da manhaja ta fi akwatin naɗa cin wuta, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuma barin janareta a kunne har asuba ya gagari mutane da yawa, lamarin da ya sa sola da batir suka zama wani ɓangare na kuɗin tsarin. Tsawar damina kan ƙona kayan da ba a yi musu kariya ba, ƙurar hunturu kuma kan dusar da gilashin kyamara. Kallo daga nesa yana buƙatar intanet, kuma katse layukan sadarwa da aka yi a wasu sassan jihar Kaduna a ƙarshen 2021 ya nuna cewa wannan hanya tana iya toshewa alhali akwatin yana ci gaba da naɗa.

Haɗa tsarin da intanet yana buɗe wata ƙofar kuma. Cutar kwamfuta ta Mirai ta mamaye ɗimbin kyamarori da na'urorin naɗa a duniya a 2016 saboda masu su sun bar kalmar sirrin masana'anta, kuma inda mai sakawa ya tafi da kalmar sirri a wayarsa, akwai baƙon da ke iya kallon shiga da fitar iyalin gida. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora alhaki kan masu tattara bayanan mutane, hoton fuska kuwa yana cikin irin waɗannan bayanai, abin da ya sa yaɗa hoton wanda ake zargi a WhatsApp kafin bincike ya zama haɗari ga shi wanda aka nuna da kuma wanda ya yaɗa.

A ƙauyukan da hare-hare suka fi shafa, a ƙananan hukumomin Kaura da Zangon Kataf da Kauru, tasirin tsarin ƙalilan ne, domin maharan kan zo da dare da yawa ɗauke da bindigogi, hasken kyamara na dare ba ya kai nisa, gargaɗin da manhaja ta aika kuma ba ya tsinana komai idan jami'an tsaro suna nesa ko hanya ta lalace. Kuɗin da al'ummar ƙauye za ta zuba a kyamarori takwas ya fi amfani idan an fara kashe shi kan fitilun sola da na'urorin oba-oba ga 'yan sintiri da kuma ingantacciyar hanyar kiran rundunar da ta fi kusa.