Labarin Fatahul Hairi, Jirgin Da Aka Sayar Aka Kuma Fanso

Alhazan dauri, waɗanda suka tafi Makka ta ƙasa suka bi ta Sudan har Sawakin, sun san jirgin ruwan nan na katako wanda ba shi da inji, iska ke tura shi da filafilai, watau manyan zannuwan da ake ɗaurawa a jigon jirgi. A cikinsa da yawansu suka ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. To, akwai wata ƙasar Larabawa, sunanta Kuwait, can a ƙuryar Tekun Fasha kusa da Basra, wadda kafin a sami man fetur abincin mutanenta biyu ne, nutso cikin teku neman lu'ulu'u, da fatauci a irin wannan jirgi. Babban jirginsu na tafiya mai nisa su kan ce masa bum. Cikin 'yan shekaru bayan 1946 suka rabu da jiragen nan kusan duka, wasu da murna, wasu kuwa kamar an raba su da ɗa.

Kuwait ba ta da itace, rairayi ne da ruwan gishiri. Katakon da ake ƙera bum da shi, wani itace ne mai tauri da Larabawa ke kira saj, daga Malabar ta ƙasar Indiya ake ɗauko shi. Babban masassaƙi, wanda suke kira ustaz, ba ya zana kome a takarda. Da ido yake awo, ya ce a sare nan, a tanƙwara can, yaransa suna buga ƙusa, suna cusa auduga tsakanin katako da katako. Saboda haka ba jirgi biyu da halinsu ya zama ɗaya. Wani yana son iska ta baya, wani yana jure igiyar ruwa, wani sai an lallashe shi kamar doki mai taurin baki. Nahuda, watau madugun jirgi, ya kan shekara da shekaru kafin ya gama sanin nasa, har ya zama daga kukan katako cikin dare yana gane ko kaya sun yi nauyi gefe guda.

Tafiyarsu kuwa ta wata tara ce ko goma. Sai su tashi lokacin da dabino ya nuna, wajen watan Satumba, su shiga kogin Basra su yi lodi, har ma girman jirgi da yawan dabinon da yake ɗauka ake faɗinsa. Wasu su nufi Karachi da Bombai da Kalikut, wasu su bi ta Adan su gangara Lamu da Mombasa da Zanzibar. Masu zuwa Afirka su kan shiga bakin kogin Rufiji, wuri mai sauro da zazzaɓi, su ɗebo sandunan da ake rufin ɗaki da su a Kuwait kamar yadda ake yi da azara. Sa'an nan su jira iska ta juya, ta komo da su gida. Ma'aikatan jirgi ba su da albashi, kaso suke samu daga ribar tafiya, kuma galibinsu da bashin nahuda a wuyansu tun kafin a tashi. Wani Bature mutumin Ostareliya, Alan Villiers, ya shiga jirgin nahuda Ali bin Nasir an-Najdi a Adan a ƙarshen 1938, ya bi su har Zanzibar da Rufiji, ya sauka Kuwait a 1939, ya rubuta abin da ya gani. A lokacin manyan jiragen garin sun haura 100.

A 1938 ɗin ne aka haƙo man fetur a Burgan. Yaƙin Duniya na Biyu ya tsai da aikin, sai a 1946 aka yi lodin farko zuwa ƙasashen waje. Kamfanin mai ya buɗe ƙofa, yana biyan albashi wata wata, mutum ya kwana ɗakinsa da iyalinsa. Ba wanda zai zargi talakan da ya yar da igiya ya tafi can, domin wahalar teku shi ya sha ta, riba kuwa ta attajiri ce da nahuda. Amma fa bum sai da mutum kusan 30 ake ɗaga filafilansa. Da matuƙa suka watse, jirgi ya zauna.

Nan wuyar take. Mai takobin gado ya iya sa shi a kube ya rataye, mai littafi ya sa a gafaka, shekara hamsin suna nan. Jirgin katako ba ya ajiyuwa. In an bar shi cikin ruwa, akwai wata tsutsa da ke cin katako daga ciki kamar gara. In an jawo shi tudu, zafin ranar Kuwait ya busar da shi, katako ya rabu da ɗan'uwansa, ƙusa ta yi tsatsa. Maganinsa shafe cikinsa da farar ƙasa da kitse, a shafe samansa da man kifi, a kai a kai, wannan kuwa aikin mutane da yawa ne, kuma kuɗin daga tafiya yake fitowa. Watau wanda ya ƙi sayarwa don ƙauna, kullum zai fito bakin teku ya ga abin ƙaunarsa yana rugujewa a gabansa. Wanda ya sayar kuwa ya san abin da zai biyo baya: masu saye a zamanin nan su kan sa inji, su rage jigo, jirgin da ya san Zanzibar ya koma jigilar kaya tsakanin garuruwan kusa. Mai saye ba ya biyan kuɗin guguwar da aka tsira daga gare ta, katako yake ƙwanƙwasawa ya yi tayi. Akwai kuma wani ciwon da ba a cika faɗi ba. Sau da yawa jirgi na attajiri ne, nahuda riƙo kawai yake yi, in an tashi ciniki ba lalle a nemi shawararsa ba, alhali shi ya tsufa a kansa.

Fatahul Hairi yana cikin waɗanda aka sayar. Ustaz Ali Abdurrasul ya ƙera shi a 1938, shekarar da mai ya fito, domin attajirai biyu na gidan Al-Ganim, Muhammadu da Sunayyan. Girmansa tan 226. Shekara 14 ya yi a hannun mutanen Kuwait, a 1952 aka sayar da shi ga wani nahuda na ƙasar Iran, ya ƙetare teku, aka manta da shi.

Wanda aka ƙi sayarwa shi ne Muhallab, wanda aka ƙera a 1937. Shi hukuma ta keɓe don tunawa, aka kafa shi a harabar gidan tarihi na ƙasa, yaran makaranta suna zuwa kallo. Da sojan Iraƙi suka mamaye Kuwait daga 1990 zuwa 1991, aka sa masa wuta, ya ƙone ƙurmus. Aka wayi gari garin da ya mallaki jirgi fiye da 100 ba shi da ko ɗaya na asali. An-Najdi bai ga wannan rana ba, guguwa ta riske shi a teku a 1979, can ajalinsa ya same shi.

Sai a 1994 wani masanin tarihin teku, Dakta Yakubu al-Hijji, ya gano Fatahul Hairi yana nan da ransa a hannun mutanen Iran. Aikin da aka yi ta sa shi, wanda ake gani kamar wulaƙanci ne, shi ya sa aka ci gaba da toshe shi da shafe shi shekara 42. Aka yi ciniki, Kuwait ta biya ta fanso abin da ta sayar, aka kai shi wurin masassaƙa suka yi shekara biyu suna gyara. Daga baya aka ajiye shi a bakin teku a unguwar Salmiya, a cibiyar ilmin kimiyya da aka buɗe a shekara ta 2000, inda jikokin matuƙa ke zuwa su ga inda kakanninsu suka kwana bisa dabino daga Basra har Zanzibar.