3.2 Dalilin Ƙarancin Talmud Bugun Bomberg

A wannan sashe za a dubi abin da ya sa masu tara tsofaffin littattafan Yahudawa suke rububin wannan bugu. Talmud shi ne kundin dokoki da muhawarorin malamansu. Daniel Bomberg, wani Kirista, shi ya fara buga na Babila cikakke a birnin Venis, ya kammala a 1523, kuma tsarin lambobin shafukansa ake bi har yau. To amma a 1553, bisa umarnin hukumomin cocin Katolika, an ƙona kofe masu ɗimbin yawa a Roma da Venis, ƙalilan ne suka tsira cikakku. Wannan ƙaranci ya sa a 2015 aka yi gwanjon ɗaya a New York kan dala miliyan 9.3.