Yadda Ake Horon Sababbin Malamai A Kan Ilmin Handasa

Ya kai mai karatu, ka sani ilmin handasa, watau sanin siffofi da awonsu, ba baƙo ba ne ga malamai. Tun zamanin Halifa Haruna Rashidu aka juya littafin Uƙlidis zuwa Larabci a Bagadaza, mai fassarar kuwa shi ne Hajjaju ɗan Yusufu ɗan Maɗar. Mafarin wannan ilmi shi ake koya wa yara a firamare: murabba'i, da alwatika, da da'ira, da awon kewaye da na ciki. Masu koyar da shi galibi matasa ne da suka yi shekara 3 a kwalejin horon malamai don samun takardar NCE. Kafin su fita sai an tura su makarantu su gwada koyarwa, malaminsu yana zaune a bayan aji yana lura.

Abin da ake fara ɗora musu shi ne shirin darasi. Ɗalibi ya rubuta abin da yake nufin yaro ya iya kafin a tashi, da kayan da zai shigo da su, kamar kwali da zare da tsinken tsintsiya. Wannan ba wuya, har wasu sukan kwafe na magabatansu.

Wuyar tana wajen gane ko yaro ya fahimta. A makarantar allo hanyar a fili take: almajiri ya biya, in ya kawo daidai ya wanke allonsa, in ya yi tuntuɓe ya koma ya maimaita. Wannan awo ya dace da abin da ake nufin kiyaye lafazinsa, amma handasa ba ta karɓarsa. Yaro yana iya rera cewa murabba'i gefensa huɗu ne daidai da juna, kusurwoyinsa kuma kamar na bulo, amma da an juya masa kwalin ya tsaya bisa kusurwa ɗaya, sai ya rantse ba murabba'i ba ne. Waɗansu malamai biyu na ƙasar Holan, Pierre van Hiele da matarsa Dina, sun bayyana dalilin haka a 1957. Yaro yakan fara gane siffa da kamanninta kaɗai, sa'an nan ya gane sharuɗɗanta, daga baya ya iya kafa hujja, kuma ba ya tsallake mataki. Sabon malamin da bai san wannan ba, da ya ji aji ya amsa baki ɗaya sai ya zaci an gama.

Saboda haka ake hore shi ya tambayi yara ɗaya ɗaya, ya kuma dubi irin kuskuren, ba yawan maki kawai ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗa kewaye da ciki, kuma ba yara kaɗai yake kayarwa ba. Filin da ke ƙafa 50 da ƙafa 100, kewayensa ƙafa 300 ne, cikinsa murabba'in ƙafa 5,000. Wani mai ƙafa 25 da 125, shi ma kewayensa 300 ne, amma cikinsa 3,125. Katangar da za ta zagaye wannan ita za ta zagaye wancan, alhali mai sayen na biyu da kuɗin na farko ya yi hasarar fiye da sulusi. Attajirai su lura, yaron da ya fita da wannan ruɗu shi ne gobe zai riƙe musu igiyar awo.

To, in an gano ruɗun, sai sake darasi, kuma nan ne sababbi suka fi gazawa. Mafi yawansu sukan maimaita kalmomin jiya, su ƙara murya kawai, ko su wuce gaba don tsoron kada zango ya ƙare ba su kai ƙarshen manhaja ba. Mai horo nagari ba ya yarda da ko ɗaya. Yakan sa ɗalibi ya fitar da yara tsakar makaranta da zare mai taki 16, su shimfiɗa shi huɗu da huɗu, su jera kwalaye masu taki ɗaya ɗaya a ciki, su ƙirga 16. Su sake shimfiɗa zaren bakwai da ɗaya, su ƙirga 7. Bayan kwana biyu ko uku ɗalibin ya komo musu da wata tambaya, zare mai taki 20 ke nan, ya zauna ya ga wa zai fara jera kwali ba tare da an ce masa ba.